Alkamar Zejnil-beg

A zamanin da Zejnil-beg yake riƙe da birnin Sokolje a kan iyakar ƙasar Bosna, cikin kakar da aka yi girbi da wuri saboda jita-jitar yaƙi, madugu Muharem ya shigo ƙofar gari a ƙasa, hannunsa rataye a wuya. Ya kai ulu da kakin zuma birnin Dubrovnik, ya sayo gishiri da yadi. A mashigar dutse 'yan sintirin abokan gaba suka tare ayarin, suka kashe ƙanensa, suka kora dawakin da kayansu.

Mafi yawan jarin na Beg ne, wato Zejnil-beg mai garin, bisa sharaɗin da fatake suka gada: mai dukiya ya ba da jari, madugu ya ba da gumi, riba a raba, asarar da ba ta sakaci ba kuwa ta mai jari ce. Sai dai da ribar nan Beg ya yi niyyar biyan dakarun ganuwa, ga shi rundunar abokan gaba ta hayin kogin Sava ta riga ta taso.

Muharem bai ko biya ta gida ba. Ya wuce fada, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya faru.

Ma'aji Dervish-aga ya yi tsaki. "Dawaki sun tafi, gishiri ya tafi, amma gemunka ya dawo lafiya lau! Ranka ya daɗe, yana da gida da lambu, a sayar. Sauran kuma, baƙon attajirin nan na Dubrovnik zai ranta mana, goma ta dawo sha biyu."

 Muharem ya tuna marayun da ƙanensa ya bari, waɗanda yanzu ba su da rufin da ya wuce nasa.

Beg ya dubi alƙali Numan-efendi. Alƙali ya kira waɗanda suka tsira, suka rantse cewa hanyar da aka saba aka bi, kuma madugu ya yi faɗa har ya faɗi.

"To, Beg, asarar taka ce," in ji alƙali. "Ko ƙusar ƙofarsa ba ta halatta gare ka ba. Rancen baƙo kuwa, ka san hukuncinsa."

"Efendi, dakaru ba sa cin fatawa," in ji Dervish.

Fuskar Beg ta yi ja. Can ya ce, "Da an ci riba, Dervish, da ka bar masa rabona?"

"Haba, ranka ya daɗe!"

"To, tashi, Muharem. Je ka yi wa ɗan'uwanka makoki."

Washegari Beg ya sauko kasuwa da kansa, ya sa aka yi shela: zai sayar da alkamar gonakinsa ta baɗi, awo sananne, lokaci sananne, kuɗi hannu yau. Attajirai suka sunkuyar da kai. In gari ya faɗi, wa zai yi girbi?

Muharem ya tafi ya sayar da lambunsa, ya dawo ya zube kuɗin a gaban Beg.

"Ba na karɓar sadaka a hannun wanda ya yi asara," in ji Beg.

"Wa ya ce sadaka ce? Ciniki ne, ranka ya daɗe. Alkamata nake so baɗi, kuma kada in ga tsakuwa a ciki."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Majema suka matso, sannan maƙera, sannan attajiran da kunya ta kama. Har baƙon Dubrovnik ya ɗaga kafaɗa ya saya. Kafin rundunar ta iso an biya dakaru, kuma babu mai rumfa a garin da ba shi da rabo a gonakin bayan ganuwa. Da igwa ta fara, an ga masu sayar da yadi suna ɗaukar duwatsu zuwa inda bango ya tsage.

Sokolje ta jure har ƙanƙara ta rufe hanyoyi, abokan gaba suka janye. Amma Zejnil-beg bai ga tafiyarsu ba, harsashin igwa ya same shi a kan ganuwa.

Tsofaffi sun ce da girbi ya zo, matar Beg ta tsaya a masussuka ta auna wa kowane mai saye nasa kafin gidanta ya taɓa ƙwaya ɗaya. Muharem ya zura hannu cikin buhunsa, bai ji tsakuwa ba, ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Masu mulki da yawa sun ci garuruwa da takobi, an manta sunayensu. Wannan kuwa an ce masa a'a a cikin fadarsa, ranar da ya fi bukata, yana da ikon ƙwacewa, ya haƙura.