Bakin Tekun da Babu Kowa

Furera na tsaye a kicin tana tuƙa tuwon shinkafa, mijinta Halilu ya shigo yana sosa ƙeya, waya a hannu. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Wa zai zo kuma, Abban Zahra?"

"Ya aka yi kika san—"

"Ai takunka ma ya gaya min. Faɗi kawai."

"Yaya Atine ce. Za ta kawo 'yarta Sa'adiya ta haihu a nan. Jibi za su sauka a filin jirgin Dulles."

"Jibi? Tafiyarmu fa? Ga jakata can a ɗaure!"

"Ki yi haƙuri, Maman Zahra. Baɗi in Allah ya kai mu sai mu je. Ai teku ba gudu zai yi ba."

Ta ajiye muciyar a hankali, ta goge hannu da gefen zaninta. "Tekun ba zai gudu ba," in ji ta. "Idona ne yake gudu. Kana zaune likita ya faɗa."

Halilu ya sunkuyar da kai ya fice.

Gidansu na Wheaton ya daɗe da zama masaukin duk wani ɗan uwa da ya tako Amurka. Mai neman magani, mai kawo yaro makaranta, mai sayayya, kowa da lambar Halilu a aljihu. Shi injiniya ne, a ofis yana iya ce wa manyan Turawa a'a ido cikin ido, amma da Yaya Atine ta kira daga Kano sai bakinsa ya mutu. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi, har gobe kallon ɗan da ke bayanta take yi masa.

Ita kuwa Furera, tun zuwanta ƙasar abu ɗaya ta taɓa roƙonsa. A farkon aurensu ya kai ta bakin teku a Ocean City, suka tarar da mutane fal, rabi tsirara. Kunya ta hana ta ko cire takalmi, ta koma mota tana hangen ruwan ta gilashi. Daga baya maƙwabciyarsu Olive ta ba ta labarin tsibirin Vieques, can yankin Puerto Rico, inda mutum zai bi hanyar ƙauye ya isa bakin ruwa ya wuni bai ga kowa ba. Ranar Furera ta tarye shi a ƙofa tana murna kamar yarinya. "Can za ka kai ni! In shiga ruwa da hijabina, ba mai kallona!" Ya ɗaga hannu ya yi mata alkawari. Zahra na goye a lokacin, yanzu ga ta har ta tafi jami'a, alkawarin na nan inda aka bar shi. Duk hutun da ya samu, ko baƙo ya cinye, ko biki a gida.

Ana haka likita ya ce tana da hawan jinin ido. Ciwon yana cin gani daga gefe-gefe, magani na rage masa sauri amma ba ya dawo da abin da ya tafi. Shi ya sa Halilu ya sayi tikiti a bana. Shi ne kuma ya soke shi da hannunsa, ya ƙara da roƙonta kada ta gaya wa Yaya maganar idon. "Sai ta ɗauka korar su muke yi," in ji shi. Wai kara yake yi wa yayarsa. In za a faɗi gaskiya, tsoro ne kawai.

Baƙi suka sauka, Furera ta ɗaura ɗamara. Girki, kai Sa'adiya asibiti a bas tunda ta daina tuƙi, kunun mai jego, ruwan zafi. Ba ta taɓa ɓata rai ba, amma Yaya Atine ta fara ƙorafi.

"Halilu, matar nan taka ta canza. Sai in zauna a falo ta wuce ta gefena kamar kujera ce ni. Jiya na miƙa mata kofi, ta bar ni da hannu a sama!"

"Gajiya ce, Yaya."

"Gajiya? Raini dai! Zaman Amurka ya hau mata kai."

Ya san dalili sarai, kalma ɗaya ta isa ta wanke matarsa, amma ya haɗiye ta.

Ranar suna gida ya cika da matan unguwannin Silver Spring da Wheaton, ana ta hira da dariya. Furera ta fito da tiren kunun gyaɗa. Yaya Atine ta taso daga gefenta na hagu za ta karɓa, Furera ba ta gan ta ba, ta bangaje ta. Kunu ya wanke sabon leshin Yaya tun daga kafaɗa.

"Innalillahi! A gaban mutane? Ku kira min Halilu!"

Aka kira shi daga wajen maza. Ya tarar da yayarsa tana huci, matarsa tsaye riƙe da tire.

"Ka gani da idonka! In mun ishe ku ne ku faɗa mana, mu tattara namu ya namu!"

Halilu ya dubi matan da suka zuba masa ido, ya dubi Yaya. Da muryar da shi kansa bai gane ta ba ya ce, "Furera, durƙusa ki ba Yaya haƙuri."

Ba ta yi musu ba. Hawaye ya cika ɗan ganin da ya rage mata, ta durƙusa ta fuskanci inda ta ji muryar Yaya ɗazu. Ba ta san Yaya ta matsa gefe tana goge riga ba. Gaban bango ta durƙusa.

"Yaya, ki yafe min. Wallahi ban gan ki ba."

Yaya Atine ta saki tsumman hannunta, ta matso a hankali, ta kaɗa hannu a gefen fuskar Furera. Ko ƙiftawa Furera ba ta yi ba.

"Halilu," muryarta ta sauka, "me ya samu idon yarinyar nan?"

Nan ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ya faɗi komai: ciwon, tikitin da ya soke, da shirun da ya sa ta yi.

Yaya Atine ta zube ƙasa ta rungume Furera. "Wayyo ni Atine! Ina zaginki kina dafa min abinci a cikin duhu?" Ta ɗago ta harari ƙanenta. "Kai kuma haka na raine ka? Ka mai da ni azzaluma ban sani ba! Da ka buɗe baki ka ce min matarka ba lafiya, cinye ka zan yi? Ka ɗauke ta ka kai ta ruwan nan, gidan ni zan riƙe!"

Sai dai ba a tafi a lokacin ba. Da suka koma asibiti aka ce ciwon ya yi nisa, dole a yi aiki. Aka yi, aka jira, aka sake yi. Kafin likita ya ba su izinin tafiya, idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuwa sai kamar mai leƙe ta ramin makulli.

A haka suka je. Jirgin sama, jirgin ruwa, sannan tsohuwar motar jif ta haya a kan hanyar ƙasa mai gargada. Suka wuce gidajen kwano, kaji na tono, dawakai na kiwo babu mai tsaronsu. Hanyar ta ƙare a gindin wasu itatuwan kwakwa. Halilu ya kashe mota, babu abin da ake ji sai ruwa da iska. Wani tsoho mai gyaran koma ya ɗaga musu hannu daga nesa, ya saɓa kayansa ya tafi.

Furera ta cire takalmi. "Akwai kowa?"

"Babu kowa. Daga ni sai ke."

Ya riƙe hannunta suka taka yashi mai laushi har ruwa ya taɓa ƙafarta. Ta yi 'yar ƙara, ta yi dariya. "Kai! Ashe ɗumi gare shi!" Ta ci gaba da shiga da doguwar rigarta da hijabinta, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Tana juya kai sannu a hankali, tana tsintar tekun kaɗan-kaɗan.

Shi kuwa yana ganin komai, kuma ganin ne ya fi ƙona masa rai. Ruwan garai-garai, kore a kusa, shuɗi a nesa, ƙananan kifaye na zagaya ƙafafunta ba ta sani ba. Wannan duka nata ne, da ya kawo ta tun tana da idon ɗauka.

"Akwai kifi kusa da ƙafarki," ya ce. "Masu ratsin rawaya."

"Da gaske? Allah sarki, ban gan su ba."

Haƙurin Furera bai faɗi ƙasa banza ba. Ya jawo mata soyayyar Yaya Atine, wadda yanzu ba ta yarda kowa ya ɗaga mata murya, ya kuma kawo ta inda ta yi shekaru tana mafarki. Amma haƙurin mace ba gona ba ce da miji zai yi ta girba yana cewa baɗi. Girmama 'yan uwa wajibi ne, sai dai wanda ya ɓoye musu gaskiya don tsoro ya zalunci matarsa, ya zalunce su su ma, kuma akwai abin da in ya wuce, ba da haƙuri ba ya dawo da shi.

Halilu ya zagayo gabanta cikin ruwan, ya kama hannayenta biyu, hawaye na zuba. "Maman Zahra, na cuce ki. Ki yafe min."

Ta ɗaga hannu ta laluba fuskarsa, ta share masa hawayen da jiƙaƙƙen tafinta.

"Na yafe maka tuntuni, Abban Zahra. Amma don Allah ɗan matsa gefe. Fuskarka na haddace ta tun ina gani sosai. Ɗan abin da ya rage min, bar ni in kalli ruwan."

Ya matsa.