Ɗaga Kai Kaɗan

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, mai hoto yana cin abincin rana shi kaɗai a gaban kwamfuta, kamar kullum. Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene: farin labule, kujera marar jingina, fitilu biyu, sai firintar da sai ta yi tari kafin ta kama aiki. Mutum talatin kan zauna a kujerar nan a yini, amma babu mai wuce minti biyar, babu kuma mai ce masa ya gida.

"Fasfo nake so, guda takwas," ta ce.

Ya daidaita kyamara. "Ɗan ɗaga kai kaɗan."

Ta ɗaga da ƙyar, ta ƙara jan mayafi har haɓa. Tun a nan ya raɗa mata suna Mai Kunya, tun a nan kuma zuciyarsa ta daina jin maganarsa.

Aikin buga takardu take yi a ƙarshen layin. Mahaifiyarta ta rasu, Babanta yana wani gari mai nisa, ita kuma tana ɗakin haya ita da katifarta da butar shayi. Duk wata takan zo a ɗauke ta hoto ta tura wa tsohon. Shi ko gogan, da so ya rufe masa ido, sai ya zauna ya gyara hoton da kyau: ya cike kumatu, ya share duhun ƙasan ido, ya shafe wani ɗan tudu da ke leƙowa a wuyanta. Baban yakan amsa da cewa, "Masha Allah, 'yata, garin ya karɓe ki."

A wata na uku suka fara saƙo.

"Mai Kunya, kujerar nan tana cigiyarki."

"Mai Hotona, ka ce mata ina aiki. Ka ci abinci?"

Sau biyar ya karanta tambayar. Rabon da wani ya yi masa ita, in ban da Ummansa, har ya manta.

Wata safiya ta ajiye wayarta a kan teburinsa tana gyara mayafi, sai fuskar wayar ta yi haske: "Likitanki: Barka da safiya! Kin tashi lafiya? Ina jiran jin yadda kike."

Likita guda! Shi da kyamara da firinta mai tari, da me zai kara? Kwana shida ya ƙi amsa saƙonta, shagon ya yi masa faɗi, abinci ya ƙi shiga.

"Mai Hotona, laifin me na yi?"

"Ki tambayi likitanki."

Kafin la'asar sai ga ta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta miƙa masa wayar. "Ga abokin takararka. Manhaja ce, malam. Kana rubuta abin da ke damunka, ta ba ka amsa."

Kunya ta kama shi, ya soma dariya shi ma, amma da ya ja rubutun sama sai dariyar ta ɗauke. Wata goma tana kai ƙara wurin waya. Zuciyata tana bugawa kamar na yi gudu. Hannuna yana rawa. Ina ci ina ramewa. Amsar kuwa kusan ɗaya ce kullum: "Da alama damuwa ce. Ki rage shayi, ki ja numfashi sau goma." Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta a ga likita in abin ya ci gaba.

"Me ya hana ki zuwa asibiti?"

Ta sunkuyar da kai. "Layi ne tun safe har yamma, ga aiki. Kuma wa zai raka ni? Wannan ko ba komai yana tambayata ko na tashi lafiya."

Ya buɗe kwamfuta, ya nemo hotunanta na asali, waɗanda hannunsa bai taɓa ba, ya jera su bakwai. Fuskar tana zubewa wata bayan wata, idanun suna ƙara fitowa, tudun wuyan yana girma. Ashe ba kunya ce ke sa ta jan mayafi ba.

"Wayar nan ba ta gan ki ba," ya ce. "Ni na gani, na sa hannu na goge, har na ɓoye wa Babanki. Ki yafe ni. Gobe ni zan raka ki."

Sun yi awa huɗu a kan benci. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiye, ta sa yatsu ta lalubi wuyan, ta ƙirga bugun hannu, ta tura ta gwajin jini. Maƙoƙo ne, irin mai wahalar da zuciya.

"Yana da magani," in ji likitar. "Amma da kin ƙara 'yan watanni, da a kan gado za a kawo min ke. Wa yake duba ki duk tsawon lokacin nan?"

Mai Kunya ta ƙara tura wayarta cikin jaka.

Da ya kai maganar aure gida, Umma ta yi tsalle ta dire. "Duk 'yan matan duniya ka rasa sai mai jinya? Ɗa ɗaya gare ni, ba zan aura maka asibiti ba."

Bai yi musu ba. Ya roƙi arziki ɗaya, ta gan ta ko sau ɗaya ne. Umma ta karɓe ta fuska a ɗaure, ta yi ta jero tambayoyi, har ta zo kan wanda ya riƙa kula da ita da ciwon ya fara. Yarinyar ta nuna waya.

Umma ta dubi wayar. "Wata goma? Wannan abar ce uwarki?" Ta kau da kai tana share ido da bakin zane. "Ba ni lambarki."

Washegari da safe wayar ta yi ƙara, muryar Umma ce. "Kin tashi lafiya? Kin sha maganin? Kar ki yi min ƙarya, zan zo in ƙirga ƙwayoyin."

Bayan wata takwas aka ɗaura aure. Babanta ya zo, ya riƙe hannun ango ya ce, "Daga yau in za ka turo min hoto, ka turo na gaskiya. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ƙara mata sauƙi." Jama'a suka amsa da amin, ta Umma ta fi ta kowa ƙarfi.

Ango ya damƙa kyamararsa ga wani abokin sana'a, ya zo ya tsaya kusa da amaryarsa a gaban farin labulen nan. Wuyan bai gama saɓewa ba, kuma ya rantse babu abin da zai taɓa a hoton.

Abokin ya daidaita kyamara. "Amarya, ɗan ɗaga..."

Bai ƙarasa ba. Ta riga ta ɗaga.