Manyan Haruffa a Ɗakin Kati

Da hantsin Litinin aka kira Sufeto daga ofishin 'yan sanda zuwa wani ƙaramin asibiti mai hawa biyu. Ba gawa, ba a fasa ƙofa ba, ko allura ba ta ɓata ba. Sirrin mutane aka tona.

Da safiyar nan, na tsawon awa biyu, duk wanda ya buɗe shafin asibitin na intanet sai ya tarar da sunayen marasa lafiya ɗari huɗu, kowa da cutarsa a gefen sunansa.

Sufeto ya haura hamsin, kuma a ofis ana yi masa dariya cewa da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta. Gaskiya ne. Amma da wannan yatsan ya fi kowa maki a kwas ɗin laifukan intanet, abin da bai taɓa bari wani ya manta da shi ba.

Ya tarar da Likita, mai asibitin, tsaye a gaban bencin masu jiran layi tana nuna wata matashiya da yatsa.

"Ga ta nan, Yallaɓai! Ita ta gina shafin, ita kaɗai ke da kalmar sirri. Ka tafi da ita!"

Matashiyar, wadda kowa ke kira Injiniya, ta rungume jakar kwamfutarta. Wannan ne babban aikinta na farko. Idan laifin ya zauna a kanta, ba wanda zai sake ba ta ko gyaran waya.

"Da sunanki aka shiga?" in ji Sufeto.

"Da sunana. Amma ba ni ba ce."

"Kowa haka yake cewa. Nuna mini."

Ta buɗe rajistar da shafin ke ajiyewa ta duk wanda ya shiga ta ƙofar baya, wato sashen masu kula da shi. Ƙarfe bakwai da minti goma aka shiga, aka danna maɓallin da ke mayar da jerin sunaye daga ɓoye zuwa fili. Kuma ta layin intanet na asibitin aka shiga.

"Ina kike a lokacin?"

"A motar haya. Sai tara na iso, na rufe shafin."

"Kina iya ba wani ya shigar miki," Likita ta jefo.

Sufeto ya juya ga Likita. Ya nemi a nuna masa kwamfutocin gidan. Uku ne: ta Likita, ta teburin karɓar baƙi, da wata tsohuwa a ɗakin kati.

Sakatariya ce ke zaune a teburin karɓar baƙi, tana ta gyara biron da ba abin da ya same shi.

"Kin san kalmar sirrin Injiniya?"

"Ni? Wallahi ko harafinta na farko ban sani ba."

"Ban ce kin haddace ba. Ranar da ta koya muku aiki da shafin, a wace kwamfuta kuka zauna?"

"Ta ɗakin kati."

"Da ta rubuta kalmar, burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta tambaya ko a adana ta. Wa ya danna e?"

Biron ya faɗi ƙasa. Sakatariya ta ce ai Injiniya ta fita amsa waya ne, ita kuwa ta ga akwatin tambayar ya tare mata rubutu a allo, sai ta danna don ya kauce. Tun safe ta tuna, tsoro ya hana ta faɗa.

Ke nan wata biyu mabuɗin yana rataye a jikin ƙofa, ba wanda ya lura.

Ɗakin kati yana hawa na sama, ƙarami ne, kantoci har rufi, cike da fayil masu launin ƙasa. Mai kula da shi dattijo ne da kowa ke kira Kawu, shekararsa ashirin da shida a wurin.

"Kawu, kana amfani da wannan kwamfutar?"

"Haba Yallaɓai. Ni da ita sai dai in goge mata ƙura. Tun can na ce musu sirrin mara lafiya a takarda yake kwana lafiya."

"Wa ke buɗe ɗakin nan da safe?"

"Ni da Sakatariya, kowa da mabuɗinsa."

Sufeto ya zauna, ya buɗe burauza da yatsansa ɗaya. Tarihin shafukan da aka ziyarta fes, an share. Ya yi murmushi, don wanda ya share sawunsa ya riga ya faɗa maka cewa ya bi ta wurin.

Ya buɗe shafin labarai, rubutu ƙanana kamar kullum. Ya buɗe na hasashen yanayi, haka. Sai ya buɗe ƙofar bayan shafin asibitin. Haruffa suka cika allon, kowanne kamar kan babban yatsa.

Ya kira Injiniya. "Haka kika gina shi?"

Ta sunkuya, idonta ya buɗe. "A'a. An ƙara girmansa ne ninki biyu. Burauza tana tuna girman da mutum ya zaɓa wa kowane shafi, ko da an share tarihi."

"Na sani," in ji Sufeto, yana gyara zaman hularsa. "A kwas, ni na amsa wannan tambayar."

Ya zaro takarda ya rubuta layi uku da ƙananan baƙaƙe, ya miƙa wa Sakatariya. Ta karanta tiryan-tiryan. Ya juya ya miƙa wa Kawu.

"Bayaninka ne. Karanta mana kafin ka sa hannu."

Kawu ya karɓa. Ya matsar da takardar nesa har hannunsa ya miƙe, ya dawo da ita kusa, ya karkata ta wajen taga.

"Ina tabarau ɗinka, Kawu?"

"Ba ni da shi. Idona garau."

"To karanta."

Likita ta zo bakin ƙofa ta tsaya.

Kawu ya ajiye takardar a hankali. Ya ce shekara uku ke nan idonsa na raguwa, yana ɓoyewa. Fayil ba ya buƙatar ido, don ya san mazaunin kowanne da hannu. Amma da aka ce ƙarshen wata za a kwashe komai a zuba a shafi, ya san asirinsa zai tonu.

"Ranar koyarwa kun ɗauka gyangyaɗi nake," in ji shi. "Ina jin komai, har yadda ake ƙara girman rubutu. So nake Likita ta ga abin nan ba ya riƙe amana, ta bar mini ɗakina. Na ɗauka minti biyar za a yi a gani a rufe."

"Mutum ɗari huɗu, Kawu," in ji Likita. "Wasu kai ka rubuta musu kati ranar da aka haife su."

Kawu bai ɗago ba. Sufeto bai sa masa ankwa ba, ya dai riƙe shi a gwiwar hannu, don matakalar tana da duhu.

Likita ta juya ga Injiniya, ta rage murya. "Ƙanwata, ki yi haƙuri. Shigo ofis mu yi magana."

Injiniya ta gama goge kalmar sirrinta daga burauzar, ta rufe, ta miƙe.

"Ba a ofis kika ce ni ce ba, Anti. A gaban benci kika faɗa."

Sufeto ya tsaya a kan matakala, ya ƙi gaba. Ya ji daɗin yarinyar nan har cikin ransa.

Likita ta sauka ta tsaya inda ta tsaya da safe. Masu jiran layi suka ɗago.

"Jama'a, ɗazu na yi wa baiwar Allahn nan ƙazafi. Ba ita ba ce. Ita ce ma ta rufe muku sirrinku."

Injiniya ta rataya jakarta, ta ratsa ta tsakiyarsu kanta a sama. Wata tsohuwa a bakin benci ta janye ƙafarta ta ba ta hanya, ta ce, "Wuce, Injiniya."