Kujerar Baba a Ajin Sauraro

"Don Allah ki tsaya na ƙarasa..."

"Ba sai ka ƙarasa ba, Injiniya! Na san abin da za ka ce. Ba zan iya barin Baba shi kaɗai ba, shi ke nan."

A bakin ƙofar ajin suke tsaye, shi da jakar kayan gyaran firijinsa a kafaɗa, ita rungume da littattafai. Tun bara yake zuwa koyon Turanci a wajenta, saboda kwastomominsa baƙi. Da karatu aka fara, zuciya ta zo ta ƙarasa sauran.

"Masoyiyata, ai gidan da na kama..."

"Ka ba wata ta zauna a ciki," ta faɗa. "Mu shiga, ɗalibai na jira."

Ina ruwan Malama! Duk makarantar babu wanda ya kai ta iya koyar da sauraro, amma a gida ko Baba ba ya kai ƙarshen magana. Tunda mahaifiyarta ta rasu ta ɗauke shi kamar ƙwai. Ita ce abincinsa, ita ce maganinsa, har ajin nata ta sa shi don kada kaɗaici ya cinye shi a tsakar gida. Da zarar ya buɗe baki ya ce, "Uwata, game da yaron nan..." sai ta tare shi da, "Baba kwantar da hankalinka, babu inda za ni." Shi kuma sai ya koma ya murɗa rediyonsa.

A cikin aji fanka na juyawa a hankali. Ta goge allo ta fuskanci ɗalibanta: teloli biyu, wata ma'aikaciyar jinya, direbobi, da Baba can a kujerar baya da tabarau a kan hanci.

"Yau ba za mu koyi sabuwar kalma ba," ta ce. "Ji daban, sauraro daban. Kowa ya nemi abokin zama. Ɗaya zai yi magana da Turanci a kan abin da ke damunsa. Ɗayan ya kalli fuskarsa, kada ya katse shi, kada ya fara shirya amsa a ransa. In an gama, ka maimaita abin da ka ji da kalmominka, sannan ka tambaya: haka kake nufi?"

"To Malama in ya yi kuskure fa?" wani direba ya tambaya.

"Ka haɗiye gyaranka. Mutum kake saurara, ba jarrabawa kake dubawa ba."

Aka yi dariya, aka ja kujeru. Kafin ta ankara kowa ya sami nasa, saura mutum biyu: Baba da Injiniya. Injiniya ya je a sunkuye, ya gaishe da Baba cikin ladabi, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran hukunci.

Ta shiga zagaye tsakanin layuka, tana gyaɗa kai nan, tana murmushi can. Amma kunnenta na baya. Baba yana magana, da Turancinsa mai ɗingishi, kalma ɗaya ya huta, ya lalubo wata. Injiniya bai motsa ba. Ko da Baba ya daɗe yana neman kalma, bai taya shi ba.

Tana isowa kusa da su Baba ya gama maganarsa. Injiniya ya gyara murya, ya fara maimaitawa a hankali, shi ma da Turanci.

"Abin da na ji shi ne... kana da 'ya ɗaya da ta fi maka komai a duniya. Kullum kana kallonta tana wanke maka kaya, zuciyarka na ciwo. Kana tsoron kada Allah ya ɗauki ranka ka bar ta ita kaɗai a gidan da babu kowa. Kana so ka ga aurenta da idonka... amma duk lokacin da ka fara faɗa, ba ta bari ka kai ƙarshe. Haka kake nufi, Baba?"

"Haka nake nufi," in ji Baba.

Allin da ke hannunta ya faɗi ƙasa ya karye. Wayyo Allah! Ita da take ganin zamanta ne ke riƙe da shi, ashe zaman ne ke hana shi barci.

"Baba..." ta fara.

Ya ɗaga mata yatsa, ya koma Hausa. "A'a, Malama. Ke kika kafa dokar. Ba a katse mai magana. Yanzu layina ne na maimaita nasa."

Ta ja kujera ta zauna, hawaye na bin kumatunta. Ta kalli fuskarsa. Rabon da ta kalle ta haka, ba don duba ko ya rame ba, har ta manta.

"Yaron nan ya riga ni magana," Baba ya ce. "Turancinsa bai fi nawa ba, amma na gane. Ya ce gidan da ya kama a layinmu yake, katanga ɗaya ce tsakaninsa da namu. Ya bar wanda ya fi shi kyau kusa da shagonsa, don in na yi tari 'yata ta ji. Ya ce ya sha ƙoƙarin gaya miki." Ya juya ga Injiniya. "Haka kake nufi, ɗana?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba."

Maganganu suka taru a bakinta, ban haƙuri da tambayoyi da rantsuwa. Ta haɗiye su duka, ta jira.

"Uwata," Baba ya ce, yana goge tabaransa da gefen riga, "irin wannan maganar nauyi gare ta a bakin uba. Da Hausa na kasa, sai da na ari yaren mutane. To, me kika ji?"

Ta share hawayenta. "Na ji... kana so na yi aure. Kuma tafiyata ba barinka ba ce. Haka kake nufi, Baba?"

Ya ɗora hannunsa a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. Sannan ya dubi Injiniya. "Kai kuma ka turo manyanka. Ka yi sauri tun tana cikin yin shiru."