Muryar da Wuta Ba Ta Ci Ba

Ranar da Issa ya fara ganin Zalihatu, kunnensa ne ya riga idonsa. Yana tsugune a gefen wata ruga kusa da Kiyeshe, abin sauraro a kunne, akwatin ɗaukar murya a cinya, yana neman kukan shanu don wani sinima da ake shiryawa kan kiwo. Sai dariya ta faɗo masa tsakiyar kai. Ya ɗago, ya ga budurwa tsaye da ƙwarya a ka, tana kallonsa kamar ta ga taɓaɓɓe.

"Bawan Allah, mi saniyarmu ta yi maka kake nuna ta da sanda?"

"Ba sanda ba ce. Kunnen akwatin ga ne. Abin da ya ji ba ya mancewa."

"Ƙarya dai ba kyau," in ji ta.

Bai yi gardama ba. Ya mayar da faifan zaren murya da ke cikin akwatin baya, ya murɗa, sai ga muryarta ta fito: "Ƙarya dai ba kyau." Zalihatu ta ja baya har nono ya zubo mata a wuya, ta yi salati, sannan ta matso a hankali tana leƙa akwatin ko za ta ga inda maganarta ta ɓuya. Shi kuwa gogan, ya manta shanu ya zo ɗauka.

Shekara uku ke nan da samun 'yancin kai. Wasu masu shirya sinima sun taso daga Yamai sun kama gida a Dogon Dutsi, suka mayar da ɗaki guda wurin ɗaukar sauti. Sun lulluɓe bangon da zana da buhuna don kada hayaniyar titi ta shiga, faya-fayan zare kuma jere a kan katako. Issa ne mai kula da ɗakin.

A safiyar da suka fara haɗuwa ce ya ɗauki muryar Inna Shatu, mahaifiyar Zalihatu. Akwai wata saniya mai farin goshi da ake kira Wule, wadda uwarta ta mutu tun tana 'yar maraƙa, Inna Shatu ta raine ta da hannu. In za ta tatse ta, sai ta yi mata wani kira mai tsawo, rabi waƙa rabi lallashi, wanda ba wanda ya iya shi sai ita. Issa ya saurara har tsikar jikinsa ta tashi.

Daga nan shanun rugar Gado, mahaifin Zalihatu, suka zama shanun da suka fi kowaɗanne iya kuka a Arewa, don kowane mako sai an dawo ɗaukarsu. Zalihatu ta sa masa suna Mai Akwati, shi kuma yana ce mata Zali. Da yake ta yi karatun allo, sai suka riƙa rubutu da ajami, 'yar'uwarta Asiya tana kai wa ran kasuwa a ƙarƙashin faifan rufe nono.

"Zali, na saurari muryoyi sun fi ɗari a ɗakin nan. Duk wadda na ji sai in ce ba ta kai ba. Ki gai da Wule, ita ta haɗa mu."

"Mai Akwati, Wule ta amsa. Ni ban amsa ba tukuna. Ka zo da bakinka, ban da akwati."

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Inna Shatu. Kwana huɗu muryarta ta dushe, ran na biyar ta cika.

Rabo, wani mai fataucin kanwa daga Kore Mairuwa da ya daɗe yana son Zalihatu, ya zo gaisuwa. Bai ce komai mai yawa ba. Cewa kawai ya yi abin mamaki ne a ɗauki muryar mutum a rufe a akwati, sannan muryar ta bar jikinsa. Maganar ta zauna wa Gado a rai. Da manyan Issa suka zo neman aure bayan arba'in, tsohon ko tabarma bai sa an shimfiɗa musu ba.

"Wanda ya kwashe muryar uwar ɗiyan ga ba ya kwasar ɗiyata," in ji shi. "Shi da akwatinai, kada in ƙara ganin sawunsu."

Har ita Zalihatu sai da zuciyarta ta yi rawa, don Rabo ya ce an sayar da faifan an kai Faransa. Ta rubuta: "Issa, gaskiya ne muryar Inna na hannun baƙi? In haka ne, kada ka ƙara rubuto mini."

Ya amsa: "Zali, tana nan a kan katako na sama, na ɗaure ta da jan zare. Na hana a sa ta cikin sinima. Taku ce. Ina jiran ranar da Baba zai yarda in kawo."

Ranar ba ta zo ba har bazara ta shigo. Wata azahar, ana zuba wa injin wuta mai a bayan ɗakin alhali bai huce ba, sai ya kama. Zana da buhunan nan da aka sa don su tare hayaniya, su suka zama abincin wuta. Kafin mata su jawo guga uku daga rijiya, rufin ya fara ruftawa, faya-fayai na narkewa suna ɗiga. Aikin wata takwas ke nan. Mutane suka yi cirko-cirko, wasu na cewa suna jin muryoyi na fita cikin hayaƙin.

Issa ya dawo daga masallaci ya tarar. Ya tsoma rigarsa a randa, ya rufa a ka, ya faɗa ciki ana riƙe shi yana fizgewa. Da ya fito, hannayensa biyu sun saɓule. Shugaban aikin ya rugo yana tsammanin faifan sinimar ya ceto, sai ya ga ɗan ƙaramin faifai ɗaure da jan zare. Ya kalle shi, ya kalli Issa.

Aiki ya watse, aka ce kowa ya shirya komawa Yamai. Akwatin tafi-da-gidanka kaɗai ya tsira, don a mota ya wuni. Kwana goma bayan gobarar, da hantsi, Issa ya isa rugar Gado hannuwa a naɗe da farin ƙyalle, direba ya sauke masa akwatin nesa da shinge.

Ya tarar da ruga a dame. Maraƙin Wule ya mutu kwana uku da suka wuce, ita kuma ta riƙe nononta. Hantsarta ta kumbura, ta yi tauri, duk wanda ya matso sai harbi. An cusa ciyawa a fatar maraƙin an ajiye mata a gaba, ta shinshina ta kau da kai. Gado na tsaye a kanta, ya san in aka ƙara kwana biyu hantsar za ta lalace.

"Baba, ban zo roƙo ba," in ji Issa, ya durƙusa. "Gobe za mu tahi. Ga ajiyarku. In kun so ku binne, in kun so ku ƙone."

Gado ya dubi faifan, ya dubi hannuwan. "An ce wuta ka shiga."

"Na shiga."

"Don wanga ɗan abu?"

"Na yi alkawari, Baba."

Zalihatu ta fito daga bukka, ta durƙusa gefen mahaifinta. "Baba, kahin a binne, a bar ni in ji ta sau guda. Ko sau guda."

Tsohon ya dubi ɗiyarsa. Ya juya baya kawai. Issa ba ya iya riƙe komai, don haka shi ke faɗa, Zalihatu ke sa zaren faifan a akwatin. Ta murɗa.

Sai ga Inna Shatu. Kiran nan mai tsawo ya tashi a tsakiyar ruga, har da ɗan tarin da takan yi kafin ta fara. Asiya ta saki muciya. Wule ta ɗaga kunnuwa, ta yi wani kuka mai zurfi, ta tako har gaban akwatin tana lasar murfinsa. Kafin kowa ya taɓa ta, nono ya fara ɗiga a rairayi, ɗis, ɗis, sannan ya tsinke. Zalihatu ta jawo ƙwarya tana tatsa tana kuka.

Ba wanda ya yi motsi har zaren ya ƙare. Gado makiyayi ne na asali, shekara talatin bai taɓa kiran sunan matarsa a gaban mutane ba, saboda kunya. Ranar, yana tsaye ya ba su baya, kowa ya ji shi ya ce a hankali, "Shatu."

Ya daɗe kafin ya juyo. Ya zo ya tallabi hannuwan Issa, ya juya su yana duba ƙunar.

"Na ce ka sace ta. Ashe kai kaɗai ka ajiye muna ita." Ya share fuska da gefen rawani. "Ka ce ma manyanka su komo. Wanga karo akwai tabarma."

Issa bai bi mota zuwa Yamai ba sai bayan damina, kuma bai tafi shi kaɗai ba. An ɗaura aure a gindin gawon ruga, aka sha fura da nonon Wule har aka bar saura. Hannun ango bai koma daidai ba, yatsu biyu sun ƙage, amma amarya ta ce ita ta fi son su haka.

Da za su tashi, Zalihatu ta miƙa wa mahaifinta faifan. Ya girgiza kai.

"Ku tahi da ita. Ran da kunka samu ɗiya, ku sa mata ta ji kakarta." Ya ɗora hannu a kansu su biyu. "Allah shi yi muku albarka, shi tsare ku da wuta ta nan da ta can."

Suka ce amin. Motar ta tashi, Zali na rungume da ɗan faifan a ƙirji, jan zarensa na nan da baƙin hayaƙi a jiki.