Lallen Ƙofar Gidan Malam Gwadabe

Ranar da Nusaiba ta fara ganin Mujitaba, takaici ne ya fitar da ita daga gida. Mai saye na huɗu ke nan ya zo duba gidansu na Tiga, ya tsaya a waje, ya dubi caɓin da ruwan alwala ya yi, ya dubi dakalin da ya tsage gida biyu, ya hau babur ɗinsa ko zaure bai leƙa ba.

Babanta, Malam Gwadabe, ya yi ritaya daga aikin ruwa, ciwon gwiwa ya matsa masa, so yake ya sayar da gidan ya koma Badafi cikin danginsa. Cikin gidan fes yake, mahaifiyarta Inna Saude ba ta wasa da shara. Ƙofar ce dai, wallahi ko kai ne ba za ka so shiga ba.

Ta yafa mayafi ta nufi bakin ruwa, inda aka ce wani saurayi, Mujitaba, ya buɗe lambun dashe. Ta same shi durƙushe yana cika leda da ƙasa. Ya ɗago ya amsa sallama, ledar ta suɓuce masa.

"Malam, ƙasarka na zuba," ta ce.

"Bar ta ta zuba. Me za a kawo wa uwar ɗakina?"

"Yaushe na zama uwar ɗakinka?"

"Tun da kika shigo."

Ta harare shi, amma sai da ta ja mayafi ta rufe baki. Ta gaya masa abin da ke damunta. Ya ce shekara shida ya yi a Kano yana gyara lambunan manyan gidaje, ta ba shi kwana uku kawai.

Ya cika alkawari kuwa. Ya jera fulawoyi ja da rawaya daga bakin zaure har kan hanya, 'yan unguwa suna tsayawa kallo. Da ya koma lambu ya turo mata saƙo:

"Uwar ɗakina, na gama aikin ƙofa, amma ƙafata ta ƙi yarda an gama. Ko akwai izinin in riƙa zuwa ban ruwa?"

Ta karanta sau uku kafin ta rubuta: "Fulawa dai na son ruwa. Ka zo."

Abin da ɗan birnin namu ya manta shi ne an gama kaka. Duk damina dabbobi a turke suke saboda amfanin gona, ana gama girbi kowa ya kwance nasa. A makon nan aka sake su. A Kano katanga da get ke tsare masa shuka, a nan kuwa ƙofar gida ta kowa ce. Kafin la'asar ɗin washegari awakin unguwa sun yi walima, ko ganye ɗaya ba su bari ba.

Ukasha dillali, wanda aka ba wa tallan gidan, shi ya fi kowa dariya. Dama ya daɗe yana kewaya Nusaiba, tana ba shi hanya.

"Baba, ai na faɗa maka," ya ce wa Malam Gwadabe. "A sare darbejiyar nan, a fasa dakali, a malale wurin da siminti, a huta."

Da yamma Inna Saude ta ɗan taɓa wa Malam zancen yaron, don ta ga take-taken 'yarta. Malam ya kira Nusaiba.

"Wanda ya shuka wa awaki abinci? Mutumin da bai san lokacin sakin dabbobi ba, shi zai riƙe min 'ya? Abin da yake shukawa ma ba a ci. Ba na so in sake jin maganar."

"To, Baba," ta ce, ta shiga ɗaki ta yi kukanta mai isarta.

Abin da ya fi ƙona mata rai, Mujitaba ya ɓace. Ta kira, a kashe. Kwana ɗaya, biyu, uku. Ukasha ya tare ta a hanyar islamiyya yana murmushi, ya ce ai ya ji ɗan fulawa ya koma birni, kunya ta kore shi. Ranar ta rubuta:

"Idan akuya ta isa ta kore ka, gara da na sani tun yanzu. Ni dai ba inda za ni."

Ba ta zauna jira ba. Ta kwashe ledojin da awaki suka tattake, ta share ƙofar, ta kwaɓa ƙasa ta fara cike tsagar dakali da hannunta. Inna ta ce, "Ke Nusaiba, a titi?" Ta ce, "Inna, gidan nan sai ya sayu, ko da shi ko babu shi."

Rana ta huɗu da hantsi wayarta ta yi ƙara.

"Uwar ɗakina, ki yi haƙuri, ina ƙauyenmu ne ta Doguwa, babu sabis. Na je wurin kakata Kulu in koyi abin da birni bai koya min ba. Leƙo waje."

Ta leƙa. Ga shi a kan babur, ya yi futu-futu, ya ɗauro damin itace a baya har ba a ganin kansa sosai. Ta so ta ci gaba da fushi, abin ya ƙi.

Kai tsaye ya wuce gaban Malam Gwadabe ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na yi kuskure, kuma a ƙofarka na yi shi. Ka ba ni dama in gyara."

Malam ya ce, "Ƙofa dai ga ta nan. Maganar da ta wuce ƙofa kuma babu ita."

Mujitaba ya tuɓe riga ta sama. Ya kafa sandunan bini-da-zugu ya kewaye wurin, itacen da akuya ko sunsuna shi ba ta son yi, ya toshe tsakaninsu da ƙaya. A ciki ya dasa lallen da ya tono da saiwarsa daga bayan ɗakin kakarsa. Darbejiya ya rage mata rassa kawai. Dakalin da Nusaiba ta fara ya ƙarasa, ya shafe shi da farar ƙasa. Sannan ya zauna yini guda yana lura da inda dattawa ke tsugunawa su yi alwala. A nan ya jera duwatsu, ya haƙa 'yar siririyar hanya, ruwan da ke zama caɓi ya riƙa gangarawa gindin lalle.

Kullum da safe yana zuwa da jarka biyu daga bakin ruwa. Sati bakwai bai yi fashi ba. Nusaiba kan aiko masa da kunu ta hannun Inna, a ƙasan kwanon wani lokaci da 'yar takarda: "Sannu da aiki, Sarkin Awaki."

Malam dai yana nan kan bakansa. Sai dai Nusaiba ta lura ya daina alwala a cikin gida, a kan duwatsun nan yake yi, yana bin ruwan da ido har ya isa gindin shuka.

Ranar wata Asabar Ukasha ya kawo wani malamin makaranta daga Bebeji, Malam Balarabe, da matarsa Hajara. Tun daga nesa yake ba su haƙuri, wai siminti za a zuba. Hajara ta tsaya a bakin shinge, ta tsinki ganye ta murza ta sunsuna.

"Lalle ne! Malam, ka ga inuwa, ka ga dakali. Kowa ya taɓa min wurin nan ban yafe ba."

Suka shiga, suka fito, aka yi ciniki a ranar.

Da baƙi suka tafi, Malam Gwadabe ya zauna a kan dakali yana shafa shi. Ya kira Mujitaba, Nusaiba kuwa tana maƙale a bayan ƙyauren zaure.

"Kai, ka cuce ni. Shekara talatin ina gidan nan, sai da na sayar ya yi daɗin zama." Ya yi gyaran murya. "Ƙofar gidana na Badafi ta fi wannan lalacewa. Ka turo manyanka, in ya so ka san ta inda za ka fara."

Inna Saude ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida, ashe ita ma tana saurare.

Bayan ƙaramar salla aka sa rana, a Badafi. Ana saura kwana biyu a sa amarya a lalle, sai ga Hajara tun daga Tiga da ƙullin garin lalle a cikin kwano, ita ta tsinka, ta shanya, ta daka.

"Na ƙofarku ne," ta ce. "Ba a yi wa amaryar nan ƙunshi da na kasuwa ba."

Ranar ɗaurin aure dattawa suka sa albarka, Malam Gwadabe ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Nusaiba na zaune a lulluɓe, saƙo ya shigo:

"Uwar ɗakina, ya kama?"

Ta dubi tafin hannunta, lallen ya yi jawur har yana neman baƙi. Ta rubuta:

"Ya kama, mijina. Ruwan alwalar Baba ya sha."