Sawun Hankici

A kujerar baya akwai ankwa, littafin rahoto, safar hannu da rabin gorar ruwa. Kofur ya kawo Sufeto masana'antar allon waya, ya tsayar da motar.

Ƙananan gilasai biyu aka yi na sabon gwaji, ɗaya ya ɓata. Manaja ya riga ya yanke hukunci.

"Injiniya ce, yallaɓai. Ita ke da makulli."

"Ita kaɗai?"

"Ina da nawa, amma ban taɓa shiga ɗakin ba." Ya cire tabarau, ya hura masa iska, ya murza da hankici, zagaye-zagaye.

Injiniya na zaune a ɗakin gwaji. Shekara uku ta yi tana aikin nan. In aka fita da ita da ankwa, ba mai sake ɗaukarta.

"Me ke jikin gilashin?" in ji Sufeto.

"Siririyar roba ce," ta ce. "Da karammiski muke shafarta, gefe guda. In aka ɗiga ruwan kiristal, ƙwayoyinsa sai su kwanta ta inda aka shafa, kamar gashin da aka taje."

"In wani ya sake gogewa fa?"

"Su bi sabon sawun. Ba su da gardama."

"Da 'ya'yana haka suke, da na huta," in ji Kofur.

Gilashin da ya rage a karkace yake cikin akwatinsa. Sufeto ya ce a gwada shi. Ta ɗiga ruwan, ta rufe, ta sa shi tsakanin ledojin tace haske.

Baƙi ƙirin ya kamata ya fito. Sai ga zagaye-zagaye na haske.

"Wani ya taɓa shi, ya ga tabon yatsansa, ya goge," ta ce. "Mai shara ma ya san ba a gogewa."

Aka kira Manaja. Sufeto ya nuna masa.

"Wannan hannun na gan shi ɗazu, kana murza tabarau. Ina gidan tabaraunka?"

"Na manta shi a gida."

"To me ya kumbura aljihunka?"

Kofur ya zaro gidan tabarau daga aljihun, ya buɗe. Gilashin da ya ɓata na ciki, naɗe da auduga.

Manaja ya zauna. "Wani kamfani ne ya yi mini alkawarin kujera in na kai musu shi. Ni fa tsabta na yi nufi da na goge."

Kofur ya sa shi a mota, ya rufe ƙofa.

"Injiniya fa, yallaɓai?"

"A shaida za mu rubuta ta. Mu tafi."